Kujerar Kaka Ilu

Duk wanda ya san Kaka Ilu Maitabarma ya san ba ya zama a kan abu mai ƙafa. Jaki kaɗai ya yi wa uzuri, shi ma don ya ce Allah ne ya yi masa ƙafafun, ba kafinta ba. Amma kujera, ko benci, ko gado, kai ko turmi ka kifa masa, sai ya dubi abin ya dube ka, ya zaro 'yar tabarmar nan da ba ta rabuwa da hammatarsa, ya shimfiɗa a gefe ya harɗe abinsa. In ka matsa masa, amsarsa guda ce, ku ma kun haddace ta: "Ni da ƙasa ba mu taɓa hwaɗa ba."

Ni jikarsa ce, 'yar ɗansa Sale. Tun ina yarinya Amarya yake kirana, ni kuma ina ce masa tsohon ango marar haƙori. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa kada wani ya ce na yi rashin kunya, a gaban idonsa na sha faɗin wanda ya fi shi, yana dariya yana jifana da guntun kaba.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, Jibiya ta haukace da kujeru. Wanda duk ya ɗan samu, abu na farko babur, na biyu kushin. Babana yana kai atamfa Maraɗi, kasuwa ta buɗe masa, sai ga shi ya yo odar kushin ja wur daga Katsina, ko ledarsu ba a cire ba. Aka jera su a ɗakin baƙi, ya je ya kira mahaifinsa ya fara zama ya sa albarka. Kaka ya zagaya su, ya danna wannan da yatsa, ya shinshina waccan. Can sai ya shimfiɗa tabarmarsa a gaban babbar, ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ita ya lumshe ido.

"Madalla, Sale," in ji shi. "Wagga jingina ta yi."

Takalmansa kuwa a kan ɗayar ya ɗora, wai kada kaji su taka masa.

Wannan duk wasa ne a kan abin da yake yi ran Alhamis. Kaka yana da wa guda, Kaka Nomau, a wani ƙauye can tsallaken iyaka, cikin Nijar. Iyayensu sun rasu a wata shekarar yunwa tun Kaka Ilu bai yi wayo ba, wan nan ne ya ɗauko shi daga arewa ya taho da shi, shi ya ci da shi, shi ya yi masa aure. Duk Alhamis ta Allah, ko ruwa ake ko iska, Kaka zai hau jakinsa ya bi ta Magama, bakin iyaka, ya je ya gaishe shi, in zai dawo ya ɗoro kabar saƙa. Na taɓa raka shi sau ɗaya, abin bai fita daga idona ba. Tun daga gindin gawon bakin gari yake zamewa daga kan jaki, ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu. Mutum da farin gemu, ya haura saba'in, zai taka a hankali har gaban wansa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya yi ta jero gaisuwa ba ya ɗagowa. Shi kuma wan ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Auta, ka iso?"

Akwai ranar da aka kawo wani sabon ma'aikacin kwastan bakin iyaka, bai san shi ba. Ya tare jakin, ya shigar da Kaka ofis, ya nuna masa kujera. Kaka ya shimfiɗa tabarma. Yaron nan ɗan mutunci ne, ya ga ba ya iya yi wa sa'an kakansa tambaya daga sama, sai shi ma ya sauko ya tsuguna da kakinsa.

"Baba, ina takardarka?"

"Takarda ta mi?"

"Ta shiga wata ƙasa mana."

"Yaro, wace ƙasa? Gidan Yaya za ni. Sadda na hwara bin hanyar ga ba a haihi iyakar taku ba."

Shugaban ofishin ya shigo ya tarar da yaronsa tsugune, kujeru biyu ba kowa a kai. Daga ranar ba a sake tare shi ba. Jandarman can ɓangaren ma in sun hango jakin sai su ce yau Alhamis ke nan.

To, wata Alhamis aka wayi gari jakin yana ɗingishi. Babana bai daɗe da sayen babur ba, yana ta neman wanda zai goya. Ya ce, "Baba, hau in kai ka, kafin rana ta yi zafi mun dawo." Da don kansa ne Kaka ba zai hau ba, amma Alhamis ba ta wuce shi. Ya yi bisimilla ya hau, ya zauna a karkace yadda yake zama a kan jaki. Suna tafiya lafiya lau har Magama. Nan Kaka ya hango wani dattijo da ya girme shi zaune a gindin bishiya. Shi kuwa a duniyarsa, in kana kan abin hawa ka ga babba, zamewa kake yi ka sauka ka gaishe shi, jaki ya ci gaba da tafiya ka cim masa. Wallahi haka ya yi. Bai ce wa Babana uffan ba, ya zame. Babana ya yi nisa yana ta ba shi labarin ƙarfin injin, shi kaɗai.

Da aka taru a kansa ana salati, wani abokin wasansa ya ce, "Ilu, yau dai kun yi faɗa da ƙasa."

Yana nishi, gumi yana karyo masa, ya ce, "Ƙarya kake. Babur ya yar da ni. Ita tara ni ta yi."

Aka kira maɗori. Ya lalluba ƙugun, ya girgiza kai, ya ce wannan ba karayar kara da tsumma ba ce, kan ƙashin kwatangwalo ne ya gutsire can cikin gurbinsa, a yi maza a kai shi asibitin ƙashi a Kano. Ni ban je ba, lokacin ina gidan ina wankan jegon 'yata ta fari, Indo. Maigidana yana can Ikko yana jigilar siminti, shi ya sa ma zamana a gida ya yi tsawo. Abin da aka yi a Kano daga bakin Babana na ji. Likita ya yi wa Kaka bayani cewa za a cire kan ƙashin da ya lalace a sa na ƙarfe. Kaka ya saurara da kyau, ya ce yana da tambaya.

"Ƙarhen nan, shina tsatsa da damina?"

Aka ce ba ya yi.

"In ana tsawa hwa? Ba ya kiranta?"

Aka ce ya kwantar da hankalinsa.

"To, na ji. Amma ƙashina da za ku hidda, ku ba ni abina. Ba ni son ranar tashin ƙiyama kowa na tsaye cikin sahu, ni ina Kano ina cigiya."

Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya ga tsohon ba wasa yake ba, ya sa aka naɗe masa abinsa. Babana ya kawo shi cikin farin ƙyalle, aka binne a gefen maƙabartar unguwarmu. Kaka da ya ji an yi, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, na tura wakili."

Bayan 'yan makonni aka dawo da shi, ya rame, da sanduna biyu a hammata inda tabarma take zama a da. A tsakar gida Babana ya jero masa dokokin likita. Ba zama a ƙasa. Ba harɗe ƙafa. Ba tsuguno. Kwanciya a kan gado, da matashi tsakanin gwiwoyi. Salla a kan kujera. Tafiya kullum, kaɗan-kaɗan, ko da ciwo. Likita ya ce kumburi zai saɓe, ciwo zai ragu, tafiya za ta dawo cikin 'yan watanni in an bi a hankali, amma zancen tsuguno a bar shi.

Kaka ya ce, "To mi ya rage? Sun ba ni ƙarhe sun amshe mini ƙasa." Shi a lissafinsa wanda aka sa wa ƙarfe ai ya fi kowa iya tsuguno, tun da ba ya gajiya.

Kafinta ya yo masa kujera doguwa mai hannuwa, don ya riƙa dafawa yana tashi. Ranar da aka fara ɗora shi a kai ina tsaye da Indo a kafaɗa, na shirya zolayar da zan yi masa. Ya zauna, ya riƙe hannuwan kujerar gam, ya dubi tabarmarsa da ke jingine a bango. Ya ce, "Amarya, saki labulen nan, kar kaji su gan ni." Na buɗe baki zan yi dariya sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba, na saki labulen na fita.

Amma kun san shi, ba ya daɗewa a kwance. Kashegari aka kawo mini kunun kanwa na masu jego, sai na ji murya daga ɗakinsa.

"Nawa hwa?"

"Kaka, na masu haihuwa ne."

"Ke kin haihi mutum, ni na haihi ƙashi. A riƙa damawa da ni."

Haka aka riƙa dama mana tare har na yi arba'in, shi kuwa bai daina ba, wai nasa jegon na manya ne.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, nan kuma ya kafa tasa dokar. Wanda bai kai shi shekaru ba, a shigo da shi. Wanda ya girme shi, ko da damina guda ce, ba ya ganinsa, don ba zai zauna a sama babba yana ƙasa ba. In an ce to a kawo wa baƙon kujera shi ma, sai ya ce a'a, kada a jawo wa dattijo abin kunya saboda shi. Ranar da Liman ya zo, ina bakin ƙofa, Liman yana bayana.

"Amarya, wane ne?"

"Liman ne, Kaka."

"Ya girme ni. Ce mishi ina barci."

Liman ya gyara murya ya ce, "To, in ya tashi a gaishe shi."

Daga ciki aka ce, "Zai ji, Allah gafarta Malam!"

Sauƙi kuwa ya yi ta samuwa, sai dai ba da gudun da yake so ba. Da fari daga gado zuwa bakin ƙofa ma aiki ne, yana isa ya jiƙe da gumi, yana yi wa sandunan faɗa wai suna cin hammatarsa. Daga nan ya fara zagaya tsakar gida. Wata rana ya tafi, wata rana ƙafar ta ƙi, musamman da sanyin safiya, sai ya wuni yana harararta. Kumburin ya saɓe. Ya ajiye sanda ɗaya. Ya kai zaure, ya kai masallacin ƙofar gida ana biye da shi da kujera. Kowa murna yake yi ban da shi. In Babana ya ce, "Baba, ai ka warke, ga ka kana tafiya," sai ya taɓe baki ya ce tafiya ko agwagwa tana yi. A wurinsa warkewa abu guda ce, ya tsuguna.

Ita kuwa Indo ta fara zama, ta fara rarrafe. Yana saƙa a kan kujerarsa yana kallonta, ya ce, "Ita tana koyon tashi, ni ina koyon sauka. Mu ga wanda zai riga wani."

Duk wannan lokacin saƙo bai yanke ba daga tsallake. Kaka Nomau ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, ya daɗe da daina tafiya ko'ina. Akwai wani maƙwabcinsa, Mati, mai kawo kaba kasuwar Jibiya a amalanken shanu, duk zuwan da zai yi maganar guda ce: "Ya ce a ce ma Auta shina jiran shi." Babana ya ce zai ɗauki shatar mota, a ɗaure kujerar a baya, a kai shi har ƙofar gida. Kaka ya ƙi.

"In je in yi mi? In tsaya ma Yaya bisa kai, ko in hau karaga shina ƙasa? A ce mishi sai na warke."

Haka ake gaya wa Mati, haka Mati yake kai wa.

Indo ce ta tona masa asiri. Wurin wasanta ƙarƙashin kujerarsa ne, ta rarrafa ta shige ta zauna tana jan jelar kabar da yake saƙa. Ran nan ta shiga sai na ji ƙum, ta ƙwala ihu, ta buge kai. Na ce yarinya ce ke tsawo. Bayan kwana kaɗan na ga sai ta kwanta sannan take iya shiga. Haba, wane irin tsawo ne wannan? Na zo shara, na ɗaga tabarmar bakin gado, sai ga garin katako an tura ƙarƙashi. Na leƙa bayan gadon, ga zarton kafinta.

"Tsohon ango, kujerar nan tsufa take yi ne? Na ga tana ranƙwafawa."

Bai ɗago daga saƙarsa ba. "Katakon zamani ne. Motsewa shikai."

Na ɗago zarton na nuna masa. Ya dube shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba, sannan ya yafito ni, ya rage murya. Ashe ya aro shi ne wai zai rage tsawon sanda. Duk Alhamis, lokacin da muke can wajen girki, sai ya zauna a bakin gado, ya jawo kujerar ya kifa, ya yanke faɗin yatsa daga kowace ƙafa.

"Kaɗan-kaɗan, Amarya. Ƙarhen ba shi da ido. Kahin ya lura mun kai ƙasa."

Na yi dariya har na zauna. Sai daga baya abin ya dawo mini: Alhamis. Ranar da ya saba kama hanyar gidan wansa, ita yake zama yana yanka, a ganinsa tafiyar ce yake ragewa. Da yamma na gaya wa Babana, muka bar shi a kan da safe za a kira kafinta. Kafintan bai riga ya zo ba Kaka ya yunƙura zai tashi daga gajeriyar kujerar nan, sai muka ji ya saki wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Aka sake kwasarsa sai Kano.

Allah ya taimaka ƙarfen bai goce daga gurbinsa ba, saura kaɗan. Wannan karon likita bai yi dariya ba. Ya ce masa, "Baba, in ka kiyaye, da ƙafarka za ka taka har Nijar in ka ga dama. In ƙarfen nan ya goce kuwa, tafiyar ma sai an yi da gaske. Tsuguno dai ba zai dawo ba, gara in gaya maka gaskiya."

Ya dawo ya tarar kafinta ya yi wa kujerar ƙari, an buga wa kowace ƙafa guntun farin katako. Ya hau bai ce komai ba. Ya daina saƙa. Ya daina neman kunu. Na tsokane shi ta ko'ina, ko guntun kaba bai jefe ni da shi ba. Shirun nan ya fi karayar ba ni tsoro. Ana cikin haka Mati ya zo da labarin Kaka Nomau ba ya jin daɗi, abinci ma sai an lallaɓa shi.

Na shiga ɗakin da fushina. Na ce, "Kaka, in ya tafi ba ku gana ba fa? Da wanne za ka ji?"

Ya ce, "Amarya, tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsakiyar kan Yaya ba. Ko shina da sanƙo ban sani ba. Ba ni iyawa."

Na fito na tarar da Mati a zaure yana shirin komawa. Na ce masa ya daina kai wa tsohon nan maganar sai an warke. Na kwashe komai na gaya masa, kujerar, zarton, abin da likita ya ce, har maganar tsakiyar kai. Na ce ya faɗa masa yadda na faɗa.

Ran kasuwa da hantsi muka ji yara suna ihu a waje. Na leƙa, sai ga amalanken Mati ya shigo layinmu, an lafta masa kaba fiye da kullum, dami kan dami. Can a ƙololuwa ga wani ɗan tsoho a ƙudundune cikin bargo, an zagaya ƙugunsa da rawani an ɗaure da igiyar kayan don kada ya faɗo. Kaka Nomau ne. Mati ya ce tsohon ne da kansa ya sa a ƙara damin, yana zaune yana cewa a ƙara. A bakin iyaka da aka tambaye shi ina zuwa, cewa ya yi gidan Auta, suka ɗaga masa sandar shinge ya wuce.

Babana da maƙwabta suka ruga za su sauko da shi. Ya ɗaga hannu.

"Kar wanda ya taɓa ni. Ku hiddo mini Auta, shi da kujerar tai."

Ni na kai labarin ciki. Kaka ya dube ni. Na ce, "Yana can sama, Kaka. Ko ka hau kan katanga ba ka kamo shi ba." Ya jawo sandarsa ya miƙe. A zaure ya tsaya, ya zame takalmansa, ya ce in miƙo masa su, ya riƙe a hannu. Ya fita ƙafarsa ba takalmi, yana dogarawa, Babana yana biye da kujera. Aka ajiye ta kusa da tayar amalanke. Ya dafa ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya fara jero gaisuwa.

Daga sama aka ce, "Auta, ka iso?"

"Na iso, Yaya."

"An ce mini gudu na kake, don kar ka hi ni bisa. Kai Auta, ashe ba a ba ka labari ba? Shekarar yunwa, tun daga arewa har nan, bisa wuyana ka zo. Kana riƙe da kunnuwana. Hitsari ma ka yi mini a ƙeya ba sau guda ba. Na ce ka raina ni?"

Mutane suka fashe da dariya, wasu suna share ido. Tsohon ya lalubi hularsa ya cire, ya sunkuyo da kansa ta gefen kabar, sanƙo tal.

"Ɗago ka duba. Tsakiyar kan ga da kake tsoron gani, nan kake aza haɓarka ka yi barci."

Kaka Ilu ya ɗago. Ya duba. Sai ya fashe da kuka irin na yara, da sheshsheka, takalman suka faɗi daga hannunsa. Ya miƙa hannu sama, wan ya miƙo nasa ƙasa yana lalube, da ƙyar yatsunsu suka haɗu. Ni ma kuka nake yi, Indo ta ga ina yi ita ma ta kama.

Can Kaka Nomau ya ce, "To, yanzu ku sauke ni. Kabar ga ta gama huda mini baya."

Aka sauko da shi, aka shimfiɗa masa tabarma, ya ce a ja ta gindin kujerar. Kaka Ilu ya fara mutsu-mutsu zai tashi, wan ya kama idon sawunsa.

"Zamna, Auta. Ni na ce."

Ya zauna. A rayuwarsa bai taɓa tsallake maganar Yaya ba, ba kuma zai fara ranar ba. Tsohon ya jingina da ƙafar kujerar, hannunsa ya kai kan ƙarin da aka buga, ya shafa ya shafa, ya ce, "Wanga aikin naka ne? Gara da ka tsaya ga tabarma."

Kaka Nomau bai koma ba. Ɗaki guda suka zauna, ƙanen a kan gado, wan a ƙasa, suna hira suna musun sunayen mutanen da duk sun mutu. Kafin ruwa ya sauka Allah ya karɓi abinsa, kansa a jingine da ƙafar ƙanensa. Aka binne shi a maƙabartarmu, ba nisa da inda aka sa ƙashin nan. Kaka ya taka da ƙafarsa har can, da sanda guda.

Ya rayu har Indo ta shiga makaranta. Ya ajiye sandar, sai in sanyi ya yi yake nemanta. Ya koma saƙa, ya koma jifana da kaba. Bai sake tsugunawa ba har ya koma ga Allah, bai kuma sake cewa Liman yana barci ba. Kujerar tana ɗakina yanzu da fararen ƙafafunta, jikokina suna hawa suna dira, ba su san abin da ta gani ba.

Allah ya jiƙan Kaka Ilu, ya jiƙan Kaka Nomau da ya ɗauko shi. Ƙasar da bai taɓa faɗa da ita ba, Allah ya sa ta yi masa laushi, ya yalwata masa ita. Ya Allah ka haɗa shi da Yayansa a inda ba ciwo, ka ba shi gwiwar da zai gaishe shi yadda ransa yake so. Amin.